Lahiya Lau daga Lasa

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Sauri a Katsina da hantsi, in ya ɗan karkata kafin ya kai wurin masu sayar da itace, zai ji muryoyi suna tashi daga wani ƙaramin shago kamar ana taron suna. In ya leƙa, mutum ɗaya zai gani: Alhaji Dabo mai gyaran rediyo, tabarau a kan karan hanci, hayaƙin dalma yana tashi siriri daga gabansa. Sauran muryoyin na akwatunan da ke jere bisa kanta ne. Wannan na Larabci, wancan na Faransanci, wani kuwa tsaki kawai yake yi yana jiran layi ya zo kansa. Aikin ya ja baya yanzu, kowa ya koma jin labarai a wayar hannu. Tsofaffin unguwa ne ke riƙe da shi, su da har gobe ba su yarda da labarin da bai biyo ta eriya ba.

Dabo bai yi boko mai nisa ba. Allo ya yi a wani zaure kusa da hasumiyar Gobarau, ya ɗan taɓa littattafan farko, Larabcinsa bai wuce na sallah da gaisuwa da abin da ba a rasa ba. Duniya kuwa da kunne ya san ta. Tun yana saurayi yake zaune a tsakiyar tashoshi, har sunayen manyan biranen ƙasashe suka zauna masa a baki kamar sunayen 'ya'yan maƙwabta. Amma a cikin biranen nan duka, guda ɗaya ne in an ambace shi yake ajiye abin da ke hannunsa. Sunansa Lasa, a ƙasar Tibet.

Dalilin ya samo asali ne a Mina, shekarar da Allah ya kira shi aikin Hajji. Ranar jifan farko taro ya matse, mutane suka zama kamar ruwan kogi, ba mai iya tsayawa, ba mai iya komawa. Dabo ya ji ƙafarsa ta bar ƙasa, takalmi ya tafi, sai ga shi kwance yana kallon dugadugan bayin Allah. Ya yi kalmar shahada ya rufe ido. Sai wani hannu gajere mai kauri ya cafko shi ta hammata, ya saɓa shi a baya kamar buhun gero, ya yi ta kutsawa da shi har iska ta taɓa fuskarsa.

Ya farfaɗo a tantin wasu mutane da bai taɓa ganin irinsu ba, masu faɗin fuska da ƙananan idanu, kumatunsu ja kamar an shafa musu lalle. Wani tsohon limaminsu mai jin Larabci ne ya yi masa bayani, rabi da baki rabi da hannu. Su Musulmin Lasa ne, wani gari a kan duwatsu masu tsawon gaske, a ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin Sin. Wanda ya goyo shi kuwa sunansa Habibullah, mai sayar da huluna da barguna. Dabo ya yanke sunan nan take ya mai da shi Habibu.

Habibu ya miƙo masa shayi. Dabo ya kurɓa, ya ji gishiri, ya ji man shanu yana yawo a harshensa. Ya ce a ransa, bayin Allah, ruɗewa ta sa sun zuba gishiri a madadin sukari. Saboda kara ya runtse ido ya shanye tas don a wuce wurin. Kofin bai kai ƙasa ba aka sake cika shi. Ya sake shanyewa, aka sake cikawa. Sai daga baya ya gane cewa haka suke shan abinsu, kuma a wurinsu kofin baƙo ba ya zama wayam. Shi yana shanyewa don ya huta, Habibu yana cikawa don ya girmama shi, kowa yana ganin yana kyautata wa ɗan'uwansa.

Habibu ya raka shi har tantin alhazan Najeriya, daga ranar kuma kullum da safe sai ya zo duba shi. Dabo ya rasa abin da zai ba mutumin da ya ba shi ransa. Ya duba jakarsa, ba komai sai kilishi da yaji. Sai ya ba shi abin da Bakatsine ba ya rasawa, ya koya masa gaisuwa, tun daga kanta har wutsiya. Ina kwana, lahiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina iyali, lahiya lau. Ina labari, sai alheri. Da yake a bakin Dabo, kamar na iyayensa da kakanninsa, lafiya lahiya ce, haka Habibu ya ɗauke ta. Kanawan da ke tantin gefe suka yi ta dariya, wai an samo Bakatsine mai ƙananan idanu.

Akwai wata kalma da ba Dabo ne ya koya masa ba. A kwanakin nan ana ta shiga da fita ana yi wa waɗanda suka rasa 'yan'uwa a turmutsitsin ta'aziyya, kowa ya shigo sai ya ce, sai haƙuri. Habibu ya dubi Dabo da alamar tambaya. Dabo ya nuna masa wata shimfiɗa da mai ita bai dawo ba. Habibu ya daɗe yana kallonta, ya maimaita kalmar a hankali, bai ƙara tambaya ba.

Ranar rabuwa ya fito da wani hoto. Ga shagonsa, ga matarsa da 'yan matansa, ga kuma wani mutum mai askakken kai, sanye da jan mayafi irin na limaman addinin Buda, yana dariya, hannunsa a kafaɗar Habibu. Dabo ya ɗora yatsa a kansa. Habibu ya dafa ƙirji ya faɗi kalmar Larabci da ke nufin ɗan'uwana. Tsohon limamin ya ƙara da cewa ɗan kawunsa ne, dangin uwarsa duk 'yan wancan addini ne, kuma tare suke cin abincin bukukuwansu.

Bayan an dawo gida, kowace Sallah Dabo sai ya kira lambar shagon Habibu. Ba su da wani yare a tsakaninsu ban da gaisuwar nan. Dabo ya tambaya, Habibu ya amsa, su juya, su karanta Fatiha, kowa ya ajiye. Matarsa Hure takan ce ba ta taɓa ganin mai kiran bangon duniya don ya tambayi gajiya kawai ba. Tanko tela, taubashinsa wanda shagonsa ke jikin nasa, shi kuwa ya laƙaba masa suna Jakada, yana cewa garin da ake kira Lasa ai ko tuwo ba su da shi, sai lasar kwano.

A shekarar dubu biyu da takwas, wata safiya ana shirin shiga bazara, Dabo yana liƙa waya a cikin wani tsohon akwati sai ya ji sunan garin ya fito daga kan kanta. Ya ƙara murya. An ce limaman Buda sun fito zanga-zanga, an tare su, gari ya rikice. An ƙona shaguna, an ce har unguwar Musulmi wutar ta taɓa. Sojoji sun cika tituna, ana bi gida-gida ana kama mutane. Hukumomin Sin suka ce masu tayar da fitina ne aka zugo daga waje. 'Yan Tibet da ke gudun hijira suka ce an buɗe wa jama'a wuta. Kowane ɓangare da lissafin mamatansa, kuma lissafin bai yi kusa da juna ba. An fitar da 'yan jarida, an rufe hanya.

Ya kira lambar. Ba ta shiga ba. Ya kira da azahar, ya kira da la'asar, wata mace ce kawai ke maimaita magana ɗaya da yaren da bai sani ba. Abu ɗaya yake son ji a duniya: Habibu yana da rai ko babu.

Sai ƙasashe suka fara magana, ya bi su tasha-tasha. Wata ta nuna damuwa. Wata ta nuna matuƙar damuwa. Wata ta yi kira ga ɓangarorin biyu su kai zuciya nesa. Wasu suka ce a zauna a tattauna da jagoran addinin 'yan Tibet da ke zaune a Indiya, wasu suka ce a bar masu sa ido kan haƙƙin ɗan'adam su shiga su gani. Aka ji masu cewa ƙila ba za su halarci buɗe wasannin Olamfik da za a yi a Bejin ba, aka ji masu cewa harkar cikin gida ce, ba ruwan kowa.

Dabo ya ji daɗin kalmar damuwa ƙwarai. A Katsinar da ya tashi, damuwa tana da ƙafa. In gobara ta ci gidan mutum, wanda ya ce ya damu to yana kan hanya ke nan, da tabarmarsa ko kwanon abincinsa, zai je jaje. Don haka da ya shiga gida ya ce wa Hure ta kwantar da hankalinta, manyan ƙasashe duk sun damu, jakadunsu na nan tafe Lasa. Abin da ya rage masa shi ne ya sami ɗaya daga cikin matafiyan ya ba shi saƙon gaisuwa. Kamar an shirya, washegari rediyo ya ce za a kai wasu jami'an ofisoshin jakadanci da ke Bejin su ga garin da idonsu.

Nan ya tuna da Bashira, ɗiyar ƙanwarsa, wadda ta tashi a Ƙofar 'Yandaka, ta yi karatu mai zurfi, aikin jakadanci ya kai ta Bejin tana ƙaramar jami'a. Ya sa aka nemo masa lambarta. Tanko ya bar keken ɗinkinsa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, wai yana son ya ga yadda jakadu ke ganawa.

Sai da suka gaisa sosai, ta tambayi Hure, ta tambayi ƙafarsa, sannan ya faɗi buƙatarsa. Bashira ta saurare shi har ƙarshe. Cikin ladabi ta bayyana masa cewa a aikinsu in an ce ƙasa ta nuna damuwa, takarda ce aka rubuta aka karanta, ba wanda ya ɗauki tabarma. Ita ba ta cikin masu tafiya. Waɗanda za su je ma a mota ɗaya za a zaga da su, da masu rakiya gaba da baya. Dabo bai karaya ba, ya fara yi mata kwatance irin na gida: bayan babban masallaci, a tambayi mai huluna, gajere ne, sunansa...

"Kawu, kada ka faɗa," in ji ta da sauri. "In baƙo ya shiga garin yana neman mutum da suna, kafin rana ta faɗi wasu za su zo su tambaye shi inda baƙon ya san shi. Gaisuwarka sai ta jawo masa abin da wutar ba ta jawo ba."

Dabo ya haɗiye sunan. Bai taɓa tunanin akwai ƙasar da gaisuwa za ta cuci wanda aka gaisar ba. Ya dubi akwatunan da ke kan kanta, waɗanda kullum suke kama maganar da aka saki a iska, kowane da tasharsa.

"To ɗiyata, ba sai an ambaci suna ba," in ji shi. "A sake ta haka nan, a bakin masallaci. Duk garin mutum ɗaya ne zai iya amsawa."

Bashira ta yi 'yar dariya don tausayi. Ya ce, "A gaishe shi dai." Bakinta ya riga tunaninta, ta amsa kamar yadda kowace ɗiyar Katsina za ta amsa: "Zai ji, Kawu."

"Madalla. Kin dai ce zai ji," in ji Dabo, ya ajiye wayar.

Masu ziyara suka je suka dawo. Rediyo ya ce an nuna musu ƙonannun shaguna, amma wasu daga cikinsu sun yi ƙorafin ba a bar su sun gana da wanda suke so ba. Aka sake fitar da sanarwa, aka sake nuna damuwa. A nan ne kalmar ta fita ran Dabo. Ya ce ashe akwai damuwar da ke kwana a takarda ta tashi a takarda. Wata rana ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya ya kashe su. Tunda aka buɗe shagon ba a taɓa jin shiru irin wannan ba, har masu itace suka aiko a ji ko lafiya.

Damina ta sauka, gero ya yi kai, aka yi wasannin Bejin aka watse. Dabo ya rage cin abinci. Hure ta yi ta canza miya, kwano yana dawowa kamar yadda ya tafi. Tanko ya daina kiransa Jakada, kuma wannan ya fi tsokanar ciwo. Sau ɗaya kawai, don ya rage masa nauyi, ya ce ai an ce masu jajayen mayafan nan aka fi kamawa, ba Musulmi ba. Dabo ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau, ya ce ɗaya daga cikin masu jajayen mayafan ɗan'uwan wanda ya goya shi ne, kuma bai ji an ce sanda tana tambayar addinin baya kafin ta sauka ba. Tanko ya koma kan kekensa.

Ƙaramar Sallah ta zo. Ya saka sababbin kaya, ya dawo daga idi, ya kira lambar. Wannan karon ko matar nan ba ta yi magana ba.

Ana saura kwanaki Babbar Sallah, da hantsi, wata mota ta tsaya a gaban shagon. Bashira ce ta zo hutu. Ko gidan uwarta ba ta sauka ba, ta ce amsar gaisuwa ba a ba da ita ta waya. Ta durƙusa ta gaishe shi, Tanko ya jawo mata benci, aka aika a kira Hure.

Ta ce maganar nan ta "zai ji" ta hana ta sakat. Akwai wani dattijo, jami'in jakadancin wata ƙasar Musulmi ta Asiya, mai furfura, ya kusa ajiye aiki, suna haɗuwa a tarurruka. Wata rana ana shan shayi ta ba shi labarin kawunta don su yi dariya. Bai yi dariya ba. Ya ce shi ya yi shekaru yana rubuta kalmar damuwa har hannunsa ya saba, bai taɓa jin wanda ya ɗauke ta da gaske haka ba. Ya ce ta koya masa gaisuwar. Ta koya masa tambaya uku da amsoshinsu, ya yi ta bitarsu a mota kamar ɗalibi mai hadda. Da aka buɗe hanya, wata tafiyar aiki ta kai shi Lasa, ranar ta dace da Juma'a, ya ce zai yi sallah, masu rakiya ba su ga hanyar hana shi ba. Da aka sallame, a wurin da ake ajiye takalma, ya sunkuya kamar mai ɗaure igiya, ya ce wa iska, ina gajiya. Ba wanda ya kula, an ɗauka addu'a yake yi. Ya maimaita. Sai wani gajeren dattijo da ke laluben takalmansa a gefe, ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce, ba gajiya.

Hure ta dafe ƙirji. Dabo bai motsa ba. Ya ce mutumin kirki yana iya ƙirƙiro labari don ya sanyaya ran tsoho, tunda an riga an koya masa amsa.

"Shi ya sa na zo da kaina, Kawu," in ji Bashira. "Jami'in nan haƙuri ya dawo yana ba ni. Ya ce da alama ba mutuminka ba ne, domin a cikin amsa uku ya kuskure biyu. Ni na koya masa lafiya lau, ka san boko da zaman Abuja sun gyara mini baki. Ya ce da ya tambayi iyali, abin da tsohon ya ce shi ne, lahiya lau."

Ta ce lokacin da ta ji kalmar nan daga bakin baƙo, a tsakiyar Bejin, sai ta ji kamar an buɗe ƙofar ɗakin kakarta. Ta rasa inda za ta sa fuskarta a gaban dattijon.

Dabo ya cire tabarau. Dariya ta fara zuwa, hawaye suka riske ta a hanya, ya bar su tare. Ba wanda ya kai wannan lahiyar kan duwatsun Tibet sai shi. Ya yi ta cewa Alhamdulillahi, yana nan, yana nan da ransa, da iyalinsa. Tanko ya share ido da guntun yadin da ke wuyansa, ya ce wallahi ko a bangon duniya aka jefa Bakatsine sai bakinsa ya tona shi.

Sai Dabo ya tuna an ce amsa biyu aka kuskure. Ya tambayi ɗayar.

Bashira ta sauke murya. Ta ce da dattijon ya ce ina labari, tsohon ya ɗan tsaya, takalmi ɗaya a hannu. Bai ce sai alheri ba. Ya ce, sai haƙuri. Sannan ya saka takalminsa ya shige cikin jama'a.

Dabo ya san Habibu bai taɓa haɗa amsa da amsa ba, ko a waya mai tsaki. Ya san kuma inda ya koyi wannan kalma, a gaban shimfiɗar da mai ita bai dawo ba. Iyali suna lahiya, ya faɗa da bakinsa. Saura mutum ɗaya a hoton, mai dariya, mai hannu a kafaɗa. Ko kama shi aka yi, ko ya ƙetare duwatsu, ko ƙasa ta rufe shi, gaisuwa ba ta da faɗin da za ta ɗauki wannan. Dabo ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya mayar wa Habibu da wanda ya rasa in mai dawowa ne, ya ba shi juriya in ba mai dawowa ba ne. Tanko ne ya fi kowa ɗaga murya wurin cewa amin.

Daga nan ya miƙe ya bi akwatunan ya kunna su ɗaya bayan ɗaya, Larabci da Faransanci da tsaki suka dawo wurarensu. Ya ce wa Hure ta koma gida ta dafa shayi mai yawa, ta zuba man shanu, ta zuba gishiri. Ta dube shi ta ga da gaske yake. Ranar duk wanda ya ratsa ta gaban shagon sai da aka tsayar da shi aka ba shi kofi. Masu itace suka sha suka yi godiya da fuska a yamutse. Aka ci tuwon dare a gidan Dabo har aka nemi ƙari.

Bai sake jin muryar Habibu ba. Lambar ta mutu, kuma bayan abin da Bashira ta gaya masa bai nemi wata ba, ya ce wanda kake ƙauna wani lokaci kyale shi ne gaisuwarsa. Shekaru sun tafi, gemunsa ya yi fari fat. Har yanzu jefi-jefi sunan Tibet yana fitowa daga kan kanta: an ɗaure wani, an rufe wata makaranta, ana gardama a wani taro a Janeba, wata ƙasa ta nuna damuwa, Sin ta ce a daina tsoma baki. Samarin da ke zama a bencinsa sukan yi tsaki su ce surutu ne kawai. Dabo ba ya musu da su. Yakan ce Bashira ta gaya masa wani lokaci in an karanta sunan ɗaurarre a irin wannan takarda mai gadinsa yakan san ana kallo, wani lokaci kuma ba abin da ke canzawa, shi bai san wanne ya fi yawa ba. Abin da ya sani shi ne, a cikin masu rubuta takardun nan akwai wani mai furfura da ya sunkuya a kan takalmi a garin da ba nasa ba, ya yi Hausa saboda wani mai gyaran rediyo da bai taɓa gani ba. Bai san sunansa ba, Bashira ta ce gara haka, amma yana cikin waɗanda yake ambata bayan sallah, tsakanin iyayensa da malaminsa na allo.

Kowace shekara, ranar jifan farko, lokacin da alhazai ke can Mina, ana dafa shayin nan a Ƙofar Sauri. Bara Bashira tana gari, ta zo da 'ya'yanta. Da za ta tafi Dabo ya ce in Allah ya haɗa ta da dattijon nan, ko a ina ne, ta ce yana godiya. Ta buɗe baki, ta rufe, ta yi tunani tukuna, sannan ta ce, "Zai ji, Kawu."

Tanko, wanda yanzu sai da sanda, ya runtse ido ya shanye nasa tas ya yi sauri zai ɓoye kofin a bayan benci. Dabo ya riga shi, butar tana hannunsa.

"Haba Jakada, mi na yi maka?"

"Baƙo kake," in ji Dabo, ya cika masa har baki.